Yadda Ake Rage Nauyin Hoto Kafin a Ɗora Shi a Intanet

Duk wanda ya taɓa cike fom a intanet, na neman gurbin karatu ne, ko na neman aiki, ko na biza, ya san wurin da aikin yakan cije. Mutum zai rubuta sunansa da ranar haihuwarsa da adireshinsa ba tare da wata matsala ba, amma da zarar an zo wajen ɗora hoto sai shafin ya fito da jan rubutu cewa fayil ɗin ya yi nauyi, ko kuwa ya yi ta juyawa har data ta ƙare bai karɓa ba. A nan ne da yawa suke haƙura su nufi kafe, wato shagon intanet, su biya kuɗi, su kuma bar hotunansu da takardunsu a cikin kwamfutar da ba su san wanda zai zauna a gabanta gobe ba. Alhali aikin bai fi ƙarfin wayar da ke hannunsu ba, abin da ya rage musu kawai shi ne sanin abin da ake aunawa a jikin hoto, da kuma matakin da ya kamata ya riga wani.

Awo biyu da ba a haɗa su

Hoton da waya ke ɗauka ƙananan ɗigo ne masu launi da aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo kuwa ana kiransa fiksel. Idan aka ga an rubuta 4000 x 3000 a bayanin hoto, ma'anarsa akwai ɗigo 4000 daga hagu zuwa dama, da 3000 daga sama zuwa ƙasa. Lambar farko ita ce faɗi, ta biyu kuma tsayi, kuma kusan ko'ina haka ake jera su. In aka ninka lambobin biyu za a sami ɗigo miliyan 12, wanda shi ne abin da masu sayar da waya suke nufi idan suka ce kyamararta megafiksel 12 ce. Wannan shi ne awo na farko, wato girman hoto.

Awo na biyu shi ne nauyi, wato wurin da fayil ɗin ya ci a ma'ajiyar waya, kuma shi ne ke cin data idan an zo turawa. Ana auna shi da kilobayit, wanda ake taƙaitawa KB, da megabayit, wanda ake taƙaitawa MB. Megabayit ɗaya ya ɗan haura kilobayit dubu a lissafin kwamfuta (1024 ne daidai), amma wajen aikinmu a riƙe dubu ya wadatar. Hoton da aka ɗauka da wayar zamani yakan kai MB 2 zuwa MB 5, wani lokaci ya wuce. To, idan shafi ya ce kada hoto ya wuce KB 50, mutum kuma yana riƙe da na MB 4, sai ya rage nauyin har sau 80 kafin a karɓa. Mutane da yawa suna ganin 4 a wayarsu, su ga 50 a shafin, su ɗauka nasu ne ƙarami, saboda ba su lura da harafin da ke bayan lambar ba.

Awon nan biyu suna da dangantaka, amma ba abu ɗaya ba ne, kamar yadda yadi biyar na shadda da yadi biyar na leshi suke da tsawo ɗaya amma nauyinsu ya bambanta. Hotuna biyu masu faɗi da tsayi iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a nauyi, gwargwadon yadda aka matse kowanne lokacin ajiyewa da kuma yawan tarkacen da ke cikinsa. Hoton fuska a gaban farin bango ba ya nauyi kamar hoton kasuwa mai cike da mutane da kaya da launuka.

Daga nan ake gane cewa hanyoyin rage nauyi biyu ne: a rage yawan ɗigon, ko a ƙara matse hoton ta hanyar rage ingancinsa. Ta farko ce ya kamata a fara da ita, domin ita ce ke sauke mafi yawan nauyin ba tare da ta ɓata kamannin mutum ba. Idan aka raba faɗi biyu aka raba tsayi biyu, yawan ɗigon ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Hoton 4000 x 3000 da aka mayar 800 x 600 ya sauko daga ɗigo miliyan 12 zuwa 480,000, kuma a fuskar waya ko kwamfuta har yanzu zai fito tas. Wanda ya bar hoton a girmansa na asali ya yi ta matse ingancinsa kaɗai, zai ƙare da fuska mai dabbare-dabbare, kuma da wuya ya kai adadin da ake nema.

A fara da karanta sharaɗin

Kafin a taɓa hoton, a koma shafin a karanta abin da aka rubuta kusa da gurbin ɗorawa, wanda yawanci da ƙananan haruffa ake rubuta shi. Abubuwa uku ake nema a ciki: iyakar nauyi, faɗi da tsayin da ake so, da nau'in fayil. A rubuta su a takarda, domin idan aka shiga manhajar gyara an daina ganin shafin. Misalin da ya fito fili shi ne na bizar Amurka, inda ake neman hoto mai faɗi da tsayi daidai wa daida, daga 600 x 600 zuwa 1200 x 1200, nau'in JPEG, wanda bai wuce KB 240 ba. Shafukan makarantu da na ɗaukar ma'aikata kowanne da nasa adadin, kuma yakan canza daga shekara zuwa shekara, saboda haka bai kamata a dogara da abin da wani ya ce ya yi amfani da shi bara ba.

Wani lokaci da milimita ake ba da awon, kamar 35 x 45, wanda shi ne girman hoton fasfo a ƙasashe da yawa. Idan aka mayar da shi fiksel a ma'aunin da masu buga hoto suka saba da shi, wato ɗigo 300 a kowane inci, zai zama kusan 413 x 531.

Sai kuma a duba hoton da ake da shi. A wayoyin Android, irin su Tecno, Infinix, Itel da Samsung, a buɗe hoton, a danna ɗigo ukun da ke kusurwa, a zaɓi "Details". A Google Photos jan hoton sama kawai ake yi bayanan su bayyana. A iPhone akwai alamar harafin i a cikin da'ira a ƙasan hoton. A kwamfuta mai Windows kuwa, a danna maɓallin dama na linzami a kan fayil ɗin, a zaɓi "Properties". A nan za a ga nauyi da nau'in fayil, faɗi da tsayi kuma suna ƙarƙashin "Details".

Hoto mai kyau tun daga ɗauka

Babu manhajar da za ta gyara hoton da aka ɗauka cikin duhu ko hannu yana rawa, kuma rage girma ba ya ɓoye irin wannan aibi. Ga hoton fasfo, ya fi kyau wani ya ɗauka da kyamarar baya, yana tsaye nesa da kamar taku biyu, wayar tana daidai da idon wanda ake ɗauka. Kyamarar gaba da ake riƙewa da hannu tana kusa da fuska ƙwarai, sai ta kumbura hanci ta ƙanƙantar da kunnuwa, wasu wayoyin ma suna juya hoton hagu ya koma dama. A tsaya a inuwa mai haske, kamar bakin ƙofa ko baranda da safe, fuska tana kallon inda hasken ke shigowa. Ranar tsaka tana sa mutum ya runtse ido, ta kuma jefa baƙar inuwa ƙarƙashin gira da hanci. Idan babu farin bango, farin ƙyalle da aka ja ya miƙe ya isa, amma a ɗan matsa gaba daga jikinsa don kada inuwar kai ta faɗa a kai.

A goge gilashin kyamara da gefen riga kafin a ɗauka, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. A kashe duk wani tsarin ƙawata fuska, domin yana goge tabo da zane da sauran alamomin da ake gane mutum da su, hoton shaida kuwa amfaninsa ke nan. Mai hijabi ta tabbata ana ganin fuskarta daga goshi zuwa haɓa, ba tare da inuwa a kumatu ba. Masu neman bizar Amurka su sani cewa tun daga Nuwamban 2016 ba a karɓar hoto da tabarau.

Akwai abin da nake so a guje masa matuƙa, wato ɗaukar hoton tsohon fasfo na takarda da waya. Hasken da ke ƙyalli a jikin takardar yakan fito kamar farin tabo a goshi, gefen hoton ya karkace, har ramin abin da aka maƙala shi da shi a jikin fom ya bayyana. Ɗaukar sabo ya fi sauƙi, ya kuma fi kyau nesa ba kusa ba.

Kwafi da yankewa

Kada a taɓa yin aiki a kan hoton asali. Abin da aka rage daga hoto ya tafi ke nan, idan aka mayar da shi 300 x 400 aka ajiye a kan na asali, ƙara masa girma daga baya ba zai dawo da komai ba sai dishi-dishi. Haka kuma nau'in JPEG yana zubar da wani abu na ingancinsa duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, don haka hoton da aka matse sau biyar a jere ya fi lalacewa a kan wanda aka matse sau ɗaya daga na asali, ko da nauyinsu ɗaya ne. Idan gwajin farko bai yi ba, a koma kan na asali a sake daga farko. Yawancin manhajoji suna da zaɓin "Save as copy" ko "Save as", shi za a riƙa dannawa.

Yankewa ce ke biyo baya, kuma ita ce ke daidaita siffar hoton. A kowace waya, idan aka buɗe hoto aka danna "Edit", za a ga alamar kusurwa biyu da suka sarƙe, wadda ake kira "Crop". A cikinta akwai zaɓin siffa: 1:1 ga hoton da faɗinsa da tsayinsa suke daidai, irin na bizar Amurka, da 3:4 ga hoton tsaye, wanda ya yi kusa da siffar 35 x 45 ko da yake bai yi daidai da ita cif ba. A ja layukan har kai da saman kafaɗu su cika hoton, a bar ɗan fili a saman kai, a kuma tabbata fuska tana tsakiya. Duk abin da aka yanke na bango da sararin da ba shi da amfani nauyi ne aka sauke kyauta.

Dalilin da ya sa yankewa take riga rage girma shi ne, idan aka ɗauki hoton 4000 x 3000 aka tilasta masa zama 600 x 600 ba tare da an yanke ba, manhajar za ta matse shi daga gefe da gefe, fuskar mutum ta fito doguwa siririya. Wannan kuskure ne da ake yawan gani a katunan shaida na makarantu, kuma mai katin zai yi shekaru yana yawo da fuskar da ba tasa ba.

Rage girma da matsewa

Manhajojin rage hoto suna da yawa a Play Store, amma da yawansu cike suke da tallace-tallace, wasu kuma sai sun tura hoton zuwa wata kwamfuta a wata ƙasa kafin su rage shi. Ga hoton biki wannan ba wani abu ba ne, amma ga katin shaida ko takardar makaranta ban ga dalilin yarda da haka ba. Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne Squoosh, wanda ma'aikatan Google suka fitar a 2018. Shafi ne da ake buɗewa a Chrome ta adireshin squoosh.app, kyauta ne, ba a yin rajista, yana aiki a waya da kwamfuta, kuma a cikin na'urar mutum yake yin aikin, hoton ba ya fita zuwa ko'ina.

Idan shafin ya buɗe, a danna babbar alamar da ke tsakiya a zaɓi hoton da aka riga aka yanke. Zai bayyana da layi a tsakiyarsa wanda ake iya ja: ɓangare ɗaya na asali ne, ɗayan kuma yadda zai koma bayan gyara. A cikin akwatin zaɓuɓɓuka a kunna "Resize", sai guraben "Width" da "Height" su fito, wato faɗi da tsayi. A tabbata akwai alamar zaɓi a kan "Maintain aspect ratio", domin shi ne ke hana fuska miƙewa. A rubuta faɗin da ake so kawai, tsayin zai daidaita kansa. Idan tsayin da ya fito ya yi nesa da wanda shafin ya nema, yankewar ce ba ta yi daidai ba, sai a koma a gyara ta maimakon a cire alamar a tilasta lambar.

A ƙasa da wannan akwai wurin zaɓar nau'in fayil, a bar shi a kan MozJPEG, wanda ke fitar da hoton JPEG na yau da kullum. Sai ma'aunin "Quality", wato inganci, wanda yake farawa a 75. A kusurwar ƙasa ana ganin sabon nauyin yana canzawa nan take yayin da ake jan ma'aunin. Tsakanin 70 da 80 ido ba ya cika ganin bambanci da na asali. Ana iya sauka zuwa 60 idan dole ta kama, amma ƙasa da haka gefen ido da leɓe sukan fara dagulewa, kuma a wannan hali gara a ƙara rage faɗi da tsayi kaɗan, matuƙar shafin bai ƙayyade su ba. Kada a tsaya dab da iyaka: in an ce KB 50, a nemi 45 ko ƙasa, domin yadda waya take lissafin kilobayit da yadda shafin yake lissafawa suna iya saɓawa da ɗan kaɗan. Idan komai ya yi, a danna kibiyar da ke kallon ƙasa, sabon hoton zai shiga jakar "Downloads".

Idan shafin bai faɗi girman da yake so ba, hoton fasfo mai faɗin 400 zuwa 600 ya wadatar, hoton kaya ko na wuri kuma 1200 zuwa 1600 a ɓangarensa mafi tsawo.

Mai kwamfuta da Windows yana da Paint, wanda ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. A danna maɓallin dama a kan hoton, a zaɓi "Open with" sannan Paint, a danna "Resize", a sauya daga "Percentage" zuwa "Pixels", a rubuta faɗin a gurbin "Horizontal", sannan a shiga "File", "Save as", a zaɓi JPEG a ba shi sabon suna. Raunin Paint shi ne ba ya ba da damar zaɓar inganci, saboda haka idan nauyin bai sauko yadda ake so ba, sai dai a ƙara rage girman. Manhajar Photos ta Windows 11 tana da "Resize image" mai ma'aunin inganci, a kwamfutar Apple kuma Preview yana da "Adjust Size" a ƙarƙashin "Tools".

Nau'in fayil

JPG da JPEG abu ɗaya ne, kuma shi ne kusan kowane shafi yake karɓa. PNG ya dace da rubutu da tambari domin ba ya zubar da komai wajen matsewa, amma hakan ne ya sa hoton mutum a PNG yake yin nauyi sosai. Masu iPhone suna da matsala ta daban: tun 2017 wayar take ajiye hotuna a nau'in HEIC, wanda shafuka da yawa ba su san shi ba. Maganin shi ne a shiga "Settings", "Camera", "Formats", a zaɓi "Most Compatible", daga nan duk sabon hoto JPEG zai zama. Sauya ƙarshen sunan fayil da hannu daga heic ko png zuwa jpg ba ya canza komai a cikinsa, sai an buɗe shi a manhaja an sake ajiye shi a sabon nau'in.

Dabarar WhatsApp da ɗaukar hoton fuskar waya

Mutane sun daɗe da gano cewa idan suka tura hoto ta WhatsApp yakan rage nauyi, sai su tura wa kansu ko wani na kusa su sake saukewa. Dabarar tana aiki idan iyakar da aka sa mai faɗi ce, kamar MB 1, amma ba mutum ne ke zaɓar faɗi da tsayi ba, kuma da wuya ta kai hoto ƙasa da KB 50. Abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne akasin haka: idan za a tura wa wani hoto don ya gyara ko ya buga, a tura shi a matsayin "Document", ta alamar maƙala fayil, domin ta nan ne kaɗai yake isa yadda aka ɗauke shi.

Ɗaukar hoton fuskar waya, wato "screenshot", don rage nauyi kuwa ba na ba da shawararsa. Yakan shigo da baƙin fili sama da ƙasa, da alamar batir da agogo, kuma a wayoyi da yawa PNG yake fitowa.

Takardun shaida da sa hannu

Takarda ta fi fuska buƙatar fiksel, domin ƙananan rubutu da lambar shaida dole ne su karantu. A shimfiɗa ta a kan tebur mai duhun launi kusa da taga, a riƙe wayar a samanta sak, kusurwoyi huɗun duk suna ciki, ba tare da filashi ba, musamman idan an lulluɓe takardar da leda mai ƙyalli. Ga takardar A4, girman 1240 x 1754 yana ba da rubutu mai karantuwa. Bayan an rage, a buɗe sabon fayil ɗin a faɗaɗa shi da yatsu biyu a karanta mafi ƙanƙantar rubutun da ke jiki, idan mai takardar da kansa bai iya karanta lambar ba, jami'in da zai tantance ma ba zai iya ba. Inda aka nemi PDF, manhajar Google Drive tana da zaɓin "Scan", a iPhone kuma yana cikin Notes. Sa hannu a yi shi da baƙin biro a kan farar takarda marar layi, a yanke hoton dab da rubutun.

Ɗorawa

Kafin a koma shafin, a sauya wa fayil ɗin suna zuwa gajere mai sauƙin ganewa, kamar fasfo.jpg ko sakandare.jpg. A guji barin fili a tsakanin kalmomi, da alamomi, da haruffanmu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu tsofaffin shafuka suna ƙin fayil saboda sunansa kawai, ba kuma za su faɗi dalili ba. Sabon sunan yana da wani amfani: a cikin jerin hotuna, na asali da wanda aka rage kamanninsu ɗaya ne, kuma sau da yawa mutum yakan gama wahalar ragewa ya sake zaɓar mai nauyin.

A buɗe shafin a Chrome ko Firefox kai tsaye. Opera Mini a tsarinta na tsimin data takan hana wasu fom-fom aiki yadda ya kamata, haka ma ƙaramin burauzan da ke buɗewa idan an danna adireshi daga cikin Facebook. A danna "Choose File" ko "Browse", idan da Faransanci aka saita wayar ko shafin kuma "Parcourir" ko "Choisir un fichier". Idan wayar ta nemi izinin shiga hotuna, a ba ta. A shiga ta "Files" zuwa "Downloads" inda ake ganin suna da nauyin kowane fayil, a zaɓi wanda aka shirya.

A nan akwai matakin da ake yawan tsallakewa. A shafuka da yawa zaɓar fayil daban, tura shi daban: sunan fayil ɗin zai bayyana kusa da maɓallin, amma bai tafi ba sai an danna "Upload". Bayan an danna, a jira, kada a sake dannawa, kada a koma baya, kada kuma a fita zuwa wata manhaja, domin wayar da ba ta da ƙarfi takan sake loda shafin idan an dawo, abin da aka rubuta ya goge. Alamar nasara ita ce ƙaramin hoton ya bayyana ko a ga saƙon cewa an karɓa. A dube shi da kyau kafin a danna "Submit", tun da wasu hukumomin ba sa bari a canza hoto bayan an miƙa fom.

Idan aka ga "File too large" ko lamba 413, nauyi ne bai sauko ba. "Invalid format" yana nufin nau'in fayil ne bai dace ba. Idan an ambaci "dimensions", faɗi da tsayi ne ba su yi daidai ba. Idan kuwa shafin ya mayar da mutum wurin shigar da kalmar sirri, lokacin da aka ba shi ne ya ƙare yana can yana gyaran hoto, shi ya sa ya fi kyau a shirya dukkan fayilolin a jaka ɗaya kafin a fara cike fom. A ranakun ƙarshe na rufe rajista shafuka sukan cunkushe, kuma laifin ba na hoton ba ne, sai a gwada da sassafe ko cikin dare.

Abin da hoto yake ɗauke da shi a ɓoye

Kowane hoton waya yana ɗauke da bayanan da ido ba ya gani: ranar da aka ɗauka, da sa'a, da samfurin wayar, kuma idan an bar kyamara tana amfani da taswira, har da daidai wurin da aka tsaya. Wanda ya ɗauki hoton kayan sayarwa a tsakar gidansa ya tura fayil ɗin asali ga baƙo, yana iya ba shi kwatancen gidan bai sani ba. A Android a shiga saitin kyamara a kashe zaɓin wuri, wanda ake rubutawa "Location" ko "Location tags". A iPhone, lokacin turawa, a danna "Options" a sama a kashe "Location". A Windows, a ƙasan "Details" akwai "Remove Properties and Personal Information".

Wanda dole ta kai shi kafe, ya tsaya a kan aikin har a gama. Takardar NIN da hoton fasfo da sa hannu idan suka haɗu a hannun wanda ba ya tsoron Allah, sun isa a yi sojan gona da sunan mutum. A nemi mai shagon ya goge fayilolin daga "Downloads" da "Desktop" a gaban mai su, sannan a buɗe "Recycle Bin" a goge su a can ma, domin gogewar farko ba ta fitar da su daga kwamfutar. Idan ta WhatsApp aka tura masa, a roƙe shi ya goge daga wayarsa, idan kuma an buɗe imel ko WhatsApp a kwamfutarsa, a fita daga asusun kafin a tashi daga kujera. Ga WhatsApp, ana iya tabbatarwa daga waya ta shiga "Linked devices" a cire duk na'urar da ba a gane ba.